Beljiyam: Ƙasar da ke alfahari da giya, amma 'ya'yanta na rage sha

A ranar 30 ga watan Nuwamban 2016, a wani taro da ta gudanar a birnin Addis Ababa na ƙasar Habasha, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu ta shigar da al'adar giya ta ƙasar Beljiyam cikin jerin al'adun bil'adama da suka cancanci a adana su.

Ga mai karatu a Kano ko Damagaram, inda addini ya haramta barasa, al'ada kuma ta ƙyamace ta, matakin na iya zama abin mamaki. A Beljiyam kuwa an karɓe shi da murna tun daga fadar gwamnati har ya zuwa ƙauyuka, domin kuwa giya na daga cikin 'yan abubuwa ƙalilan da al'ummar wannan ƙasa mai rarrabuwar kawuna ta yi tarayya a kansu.

To sai dai kuma karramawar ta zo ne a daidai lokacin da al'adar ke cikin tsaka mai wuya. 'Yan ƙasar sun rage sha matuƙa, limaman Kirista masu zaman zuhudu da suka yi fice wajen sarrafa ta suna ƙarewa, likitoci na ƙara matsa lamba, babban kamfanin ƙasar kuma ya karkata akalarsa zuwa Latin Amurka da Asiya da Afirka, ciki har da Najeriya. A nan ne batun ya zarce labarin wata al'adar Turawa, ya zama na tattalin arziki da siyasa da lafiyar jama'a.

Abin da ya haɗa kan ƙasa mai harsuna uku

Beljiyam ƙasa ce mai mutane sama da miliyan 11 da rabi, wadda ta samu 'yancin kanta a 1830. Mazauna arewacinta, wato yankin Flanders, na magana ne da harshen Holanci, na kudanci a yankin Waloniya da Faransanci, akwai kuma wata 'yar ƙaramar al'umma a gabashi mai magana da Jamusanci.

Kowane ɓangare na da jam'iyyunsa na siyasa da jaridunsa da gidajen talabijin da makarantunsa. Rashin jituwar ta kai ga ƙasar ta shafe kwanaki 541 babu cikakkiyar gwamnati tsakanin 2010 da 2011. Firaministan da ya hau mulki a watan Fabrairun 2025, Bart De Wever, ya yi suna ne a siyasa da fafutukar neman ƙarin 'yancin cin gashin kai ga yankin Flanders.

A irin wannan ƙasa, 'yan Beljiyam kan ce cikin raha abin da ya rage yana riƙe da su shi ne gidan sarauta da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da kuma giya. Hatta takardar neman amincewar UNESCO ta nuna hakan, domin ƙaramar al'ummar nan mai magana da Jamusanci ce ta gabatar da ita a madadin dukkan ɓangarorin uku. Babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar ma na ɗauke ne da sunan Jupiler, giyar da aka fi sha a cikin gida.

Yadda suke kallonta

Hukumar UNESCO ta ambaci kusan nau'o'in giya 1,500 da ake sarrafawa a ƙasar. Wannan yawa na da asali a tarihi. A maƙwabciyarta Jamus, wata doka da aka kafa a Bavariya tun 1516 ta taƙaita kayan haɗin giya ga ruwa da sha'ir da wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop. A Beljiyam ba a taɓa samun irin wannan ƙa'ida da ta game ƙasa ba, saboda haka kowane gari ya bi abin da ke hannunsa: wasu na zuba alkama, wasu ɓawon lemo da kayan ƙamshi, wasu sukari, wasu kuma 'ya'yan itace.

Mafi daɗewa a cikin waɗannan hanyoyi ita ce ta giyar da ake kira lambik, wadda ake yi a kwarin kogin Senne da ke kewayen birnin Brussels. Ba a zuba mata yisti. Bayan an dafa ruwan hatsin, sai a juye shi cikin wani faffaɗan kwano a saman bene, a buɗe tagogi ya kwana a iska, ƙwayoyin halittar da ke yawo a sarari su sauka a kansa, tamkar dai yadda ƙullu ke yin tsami idan aka bar shi ya kwana. Daga nan a ɗura cikin gangunan katako, a ajiye shekara ɗaya zuwa uku. Abin da ke fitowa mai tsami ne ƙwarai, wanda baƙi da yawa ba sa iya haɗiyewa a karon farko.

Masu sha'awar abin sun gina masa ladubba masu yawa. Kusan kowace giya na da nata kofin gilashi mai siffa ta daban, kuma ma'aikacin mashayar da ya zuba wata a kofin wata ya yi abin kunya. Akwai ƙa'idar sanyin da ya kamata kowace ta yi, da kaurin kumfar da za a bari a sama, da irin cuku ko naman da ake haɗa ta da shi. Akwai ma makarantun da ke horar da ƙwararrun ɗanɗano, waɗanda ke duba launi, su shinshina, kana su kurɓa kaɗan su yi bayani. A 2004 wata mashaya a Brussels mai suna Delirium ta shiga kundin bajinta na Guinness da nau'o'in giya 2,004 a jerin abin da take sayarwa.

Masu kare al'adar na kafa hujja da waɗannan ladubba, suna masu cewa manufar ita ce ɗanɗano da zaman hira, mutum ya ɗauki sa'a guda a kan kofi ɗaya. Likitoci kuwa na nuni da wani abu daban. Giyar yau da kullum a duniya na ɗauke da barasa kimanin kashi 5 cikin 100, alhali fitattun giyoyin Beljiyam sun ninka haka ko sun kusa: Duvel na da kashi 8.5, Rochefort 10 kuma ta haura kashi 11.

Wannan ƙarfi shi ma yana da nasaba da siyasa. A 1919 ministan shari'a ɗan gurguzu Emile Vandervelde ya jagoranci kafa dokar da ta hana sayar da barasa mai zafi a mashaya, da nufin ceto ma'aikatan masana'antu da ke ƙarar da albashinsu a kwalba. Dokar ta ci gaba da aiki har farkon shekarun 1980, kuma masana tarihi da dama na ganin ta taimaka wajen buɗe kasuwa ga giya mai ƙarfi, wadda ta maye gurbin abin da aka hana.

Masu zuhudu da tukwanensu

Ɓangaren da ya fi jan hankalin baƙi shi ne na limaman ɗariƙar Katolika masu zaman zuhudu da ake kira Trappist. Ƙa'idar rayuwarsu, wadda ta samo asali daga Waliyyi Benedict a ƙarni na shida, ta ɗora musu ibada da kuma ciyar da kai da aikin hannu. A ƙasashen kudancin Turai irin waɗannan gidajen ibada sun dogara ne kan inabi, a Beljiyam mai sanyi da ruwan sama kuwa sai suka koma ga sha'ir.

Gidan ibada na Westmalle ya fara sarrafa giya a 1836, na Chimay a 1862, na Orval kuma a 1931. A 1997, ganin yadda 'yan kasuwa ke manna hoton limamai a kwalabe don jan masu saye, gidajen suka kafa ƙungiya tare da gindaya sharuɗɗa uku kafin a ba kowace giya tambarinsu: a sarrafa ta a cikin harabar gidan ibada, a ƙarƙashin kulawar limaman, ribar kuma ta tafi ga ɗawainiyar gidan da ayyukan jinƙai.

Gidan da ya fi tsanantawa shi ne na Sint-Sixtus da ke ƙauyen Westvleteren kusa da iyakar Faransa. A 2005 wani dandalin masu ɗanɗano a intanet ya ayyana giyarsu a matsayin wadda ta fi kowace a duniya, lamarin da ya jawo dogayen layukan motoci a ƙofar gidan. Limaman sun ƙi faɗaɗa sana'ar yadda kasuwa ke so, bisa hujjar cewa abin da zai riƙe gidan kawai suke nema. Mai saye sai ya yi alƙawarin ba zai sake sayarwa ba. Da wani kantin ƙasar Holand ya tara kwalabe kimanin 7,000 a 2018 ya sa su a kasuwa kan kusan Euro 10 kowace, limaman sun fito fili sun yi tir, kuma a shekarar da ta biyo baya suka koma karɓar oda ta intanet domin su riƙa sanin wanda ke saye.

A Rochefort kuwa limaman sun shafe shekaru suna shari'a da kamfanin haƙar farar ƙasa na Lhoist a kan wata maɓuɓɓugar ruwa da ake kira Tridaine. Kamfanin na son zurfafa ramin haƙarsa, su kuma suna cewa hakan zai sauya ɗanɗanon ruwan da suke aiki da shi. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Liège ta ba limaman gaskiya, bisa dogaro da wata tsohuwar yarjejeniya ta 1833.

Amma barazanar da ta fi wannan girma daga cikin gida take. Beljiyam, wadda a da take aika dubban 'yan mishan zuwa Kwango da sauran sassan Afirka, a yau majami'unta sun yi fayau, matasa ƙalilan ne ke sha'awar rayuwar zuhudu. Gidan ibada na Achel ya rasa tambarin Trappist a 2021 bayan da limamansa na ƙarshe suka ƙaura zuwa Westmalle, daga bisani kuma aka sayar da shi ga wani ɗan kasuwa. Saura gidaje biyar ke nan a ƙasar, kuma a mafi yawansu ma'aikatan haya ne ke gudanar da aikin, tsofaffin limamai na sa ido. Tambayar da ke gaban ƙungiyar ita ce ko tambarin zai ci gaba da ma'ana idan babu sauran masu zuhudun da za su kula da shi.

Daga Leuven zuwa duniya

A ɗaya hannun kuma akwai kamfanin AB InBev, mai hedkwata a birnin Leuven, wanda shi ne mafi girma a duniya a wannan fanni, yana sarrafa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan giyar da ake sha a doron ƙasa.

Kamfanin na danganta asalinsa ga wani gidan giya mai suna Den Hoorn da aka ambata a takardun birnin tun 1366, wanda Sebastien Artois ya saya a 1717. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Artois ya haɗe da Piedboeuf, masu Jupiler, suka zama Interbrew. A 2004 ya haɗe da AmBev na Brazil, a 2008 ya sayi Anheuser-Busch na Amurka, masu Budweiser, kan dala biliyan 52, sannan a 2016 ya haɗiye babban abokin hamayyarsa SABMiller kan sama da dala biliyan 100.

'Yan Beljiyam na kallon wannan kamfani da ido biyu. Abin alfahari ne a ce ƙaramar ƙasa ta haifi irin wannan ƙato, amma jagorancinsa ya daɗe a hannun 'yan Brazil, na farko Carlos Brito, sai Michel Doukeris daga 2021, kuma an san su da tsuke bakin aljihu. A 2005 kamfanin ya ba da sanarwar ɗauke aikin giyar Hoegaarden daga ƙauyen da ta samo sunanta, inda wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya farfaɗo da ita a 1966 bayan ta mutu. Zanga-zangar mazauna garin da matsalolin da aka fuskanta a sabon wurin suka sa aka janye shawarar a 2007.

A 2019 kuma hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta ci kamfanin tarar Euro miliyan 200, bayan ta same shi da laifin toshe hanyar shigo da Jupiler mai rahusa daga Holand, abin da ya sa 'yan Beljiyam suka riƙa sayen giyar ƙasarsu da tsada fiye da maƙwabtansu.

Kofuna na raguwa

A farkon ƙarni na ashirin Beljiyam na da gidajen sarrafa giya sama da 3,000, kusan kowane ƙauye da nasa. A yaƙin duniya na farko sojojin mamaya na Jamus suka kwashe tukwanen jan ƙarfe na da yawa daga cikinsu don ƙera makamai. Yaƙi na biyu da haɗewar kamfanoni suka ƙarasa sauran, har adadin ya sauko zuwa ɗari da 'yan kai a ƙarshen ƙarnin. Daga baya ƙananan masu sana'a suka farfaɗo, adadin ya sake haura 400 a farkon shekarun 2020.

Sai dai yawan masu sarrafawa bai zo da yawan masu sha ba. A 1990 abin da ake sha a shekara ya kai kimanin lita 120 ga kowane mutum guda, amma kafin 2020 ya sauko ƙasa da lita 70, kuma bai daina sauka ba. Dubban mashaya na unguwa, waɗanda a da su ne majalisar ma'aikata bayan an tashi daga aiki, sun rufe. An daɗe da daina ba ɗalibai giya mara ƙarfi a ɗakunan cin abinci na makarantu, abin da a da ba a ɗauke shi bakin komai ba.

Abin da ya riƙe masana'antar shi ne kasuwar waje, inda ake tura kimanin kashi biyu cikin uku na abin da ake sarrafawa, akasari zuwa Faransa da Holand da sauran ƙasashen Turai. Ita ma wannan ƙofa ta soma tsukewa. Annobar korona ta rufe mashaya tsawon watanni a 2020 da 2021. A 2021 AB InBev ya mayar da aikin Stella Artois da ake sayarwa a Amurka zuwa can Amurkan. Yaƙin Ukraine na 2022 ya tayar da farashin makamashi da hatsi da kwalabe, abin da ya fi yi wa ƙananan masu sana'a illa.

Hatta sauyin yanayi ya shigo ciki. Giyar lambik na bukatar dare mai sanyi, shi ya sa ake yin ta daga kaka zuwa farkon bazarar Turai kawai. A ƙarshen 2015 gidan Cantillon na Brussels, wanda aka kafa a 1900, ya dakatar da aiki na wani lokaci saboda ɗumin da dararen suka yi.

Hukumomi sun koma neman kuɗi ta hanyar yawon buɗe ido. A 2016 wani gidan giya a tsohon birnin Bruges ya shimfiɗa bututu mai tsawon sama da kilomita uku a ƙarƙashin ƙasa zuwa wurin ɗura kwalabe, don rage manyan motoci a titunan tarihi, kuma bututun kansa ya zama abin labari. A 2023 aka buɗe gidan baje kolin tarihin giya a tsohon ginin kasuwar hannun jari da ke tsakiyar Brussels.

Muryar likitoci

Ruwa dai ba ya tsami banza. Babban dalilin raguwar shi ne sauyin tunani game da lafiya. Tun 1988 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar. A watan Janairun 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya, rahotonta na 2024 kuma ya danganta mutuwar mutane miliyan 2.6 a duniya a shekarar 2019 ga barasa.

A cikin gida, majalisar ƙoli ta ba da shawara kan lafiya ta nemi a 2018 da kada mutum ya wuce ƙananan kofuna goma a mako. Tun 1995 ake gudanar da kamfen ɗin BOB, wanda ke kira ga duk tawagar da ta fita dare ta ware mutum guda da ba zai sha ba domin ya tuƙa mota. Daga 2017 kuma aka ƙaddamar da shirin ƙaurace wa barasa tsawon watan Fabrairu, wanda dubban mutane ke shiga kowace shekara.

Duk da haka masu fafutuka na cewa gwamnati na tafiyar hawainiya. Doka ta amince wa ɗan shekara 16 ya sayi giya. An shafe shekaru ana kai ruwa rana kafin gwamnatocin tarayya da na yankuna su amince da wani shirin bai-ɗaya kan barasa a 2023, shirin da ƙungiyoyin lafiya suka ce bai taɓa batun farashi da shekarun saye yadda ya kamata ba. Wuya ce ga ɗan siyasa ya ɗaga hannu a kan masana'antar da ke samar da dubban ayyuka, wadda kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta lambar yabo.

Musulmin Beljiyam

Akwai kuma sauyin da ba a cika tattauna shi a fili ba. A 1964 Beljiyam ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Maroko da Turkiyya, domin ma'adinan kwal da masana'antunta. A 1974 ta amince da Musulunci a hukumance. A yau ana ƙiyasta Musulmi sun kai kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kasonsu a Brussels kuma ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Unguwannin da suka fi zama, irin su Molenbeek da Anderlecht da Forest, su ne a da cibiyar manyan gidajen giya na birnin. Tsohon ginin Belle-Vue a Molenbeek ya zama otal, na Wielemans a Forest kuma ya zama cibiyar zane-zane. A titunan da ke kewaye, shagunan shayin na'a-na'a sun maye gurbin mashaya da dama.

Ga matashi Musulmi da aka haifa a Antwerp ko Liège, matsalar a aikace take. Shagalin maraba da sababbin ɗalibai a jami'a, da liyafar wurin aiki, da zaman bayan wasan ƙwallo, duk a kan kofi ake yin su, kuma a nan ake ƙulla sanayyar da ke kai mutum ga aiki ko ƙarin girma. Idan aka ce giya ce alamar zama ɗan ƙasa, to ina matsayin ɗan ƙasar da ba ya sha? Masu ra'ayin riƙau na amfani da batun wajen zargin baƙi da ƙin sajewa. Abin lura shi ne, a yanzu ba Musulmi kaɗai ne ke ƙin sha ba, domin matasan Turai da yawa sun bi sahu bisa dalilan lafiya, kuma hakan ya sa neman abin sha mara barasa a wurin taro ya daina zama abin kallo.

Giya mara barasa da neman sabuwar kasuwa

Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. A 2015 AB InBev ya yi alƙawarin cewa zuwa ƙarshen 2025 kashi 20 cikin 100 na abin da yake sayarwa zai kasance mara barasa ko mai ƙarancinta, burin da daga baya ya amince ba zai cimma ba. Duk da haka wannan ɓangare na daga cikin mafiya saurin bunƙasa, kuma da irin wannan abin sha, Corona Cero, kamfanin ya zama mai ɗaukar nauyin wasannin Olympics tun daga na birnin Paris a 2024.

Ko wannan zai buɗe masa ƙofar ƙasashen Musulmi? Amsar ba ɗaya ba ce. A ƙasashen Turai da dama, ciki har da Beljiyam, ana iya rubuta "mara barasa" a kan abin da ke ɗauke da har kashi 0.5 cikin 100. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf an daɗe ana shan lemon sha'ir mara barasa, amma hukumomin tantance halal a Indonesiya da Malesiya ba sa ba da shaida ga abin sha mai ɗauke da sunan giya ko da babu ɗigon barasa a cikinsa.

Gasar cin kofin duniya ta nuna yadda ƙarfin ya soma sauyawa. Kafin gasar 2014 hukumar FIFA ta matsa wa Brazil har ta ɗage dokarta ta hana sayar da barasa a filayen wasa, kasancewar Budweiser na cikin manyan masu ɗaukar nauyi. A 2022 kuwa, ana saura kwana biyu a fara gasar, aka sanar da hana sayar da giya ga 'yan kallo a filayen wasan Qatar, aka bar nau'in mara barasa kawai. Kamfanin ya haɗiye fushinsa ya ci gaba da hulɗa da FIFA. Saudiyya ce za ta karɓi gasar 2034, kuma jakadanta a Birtaniya ya faɗa a watan Fabrairun 2025 cewa ba za a sayar da barasa ba.

Inda Afirka ta shigo

Alaƙar giyar Beljiyam da Afirka ta daɗe. 'Yan Beljiyam ne suka kafa kamfanin da ya zama Bralima a birnin Léopoldville, Kinshasa ta yanzu, a 1923, wanda daga baya ya koma hannun Heineken na Holand. Sayen SABMiller a 2016 ne ya mayar da kamfanin Leuven babban ɗan wasa a nahiyar, daga Afirka ta Kudu zuwa Tanzaniya da Uganda da Ghana. Lissafin a bayyane yake: Turai na tsufa tana rage sha, Afirka kuma ita ce nahiyar da ta fi yawan matasa.

A Najeriya kamfanin ne ke da rinjayen hannun jari a International Breweries, wanda ya haɗa masana'antun Ilesa da Onitsha da Fatakwal, kuma a 2018 ya buɗe wata sabuwa a Sagamu ta jihar Ogun da ta ci dala miliyan 250. Baya ga giya, yana sarrafa lemon malt irin su Beta Malt da Grand Malt, waɗanda ba su da barasa, kuma da irin waɗannan ne kamfanonin giya ke shiga kasuwannin arewa.

A nan ma batun ya shiga siyasa. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci an haramta sayar da barasa, hukumar Hisbah ta Kano kuma ta sha farfasa kwalabe a bainar jama'a, ciki har da kimanin 240,000 a watan Nuwamban 2013. 'Yan siyasar kudu kan yi ƙorafin cewa jihohin na karɓar kasonsu na harajin VAT, wanda ya haɗa da na giya, 'yan arewa kuma na mayar da martani da cewa abincin da yankinsu ke nomawa yana ciyar da ƙasa ba a cire masa wannan haraji. Muhawarar ta yi zafi a 2021 lokacin da kotu ta ba jihar Ribas gaskiya a kan batun karɓar harajin, ta kuma sake tasowa a taƙaddamar gyaran dokokin haraji ta 2024 da 2025.

Abin da ke gaba

Alamu na nuna cewa al'adar giya a Beljiyam ba za ta gushe ba, amma za ta sauya kama. Za a riƙa shan kaɗan a biya da tsada, baƙi masu yawon buɗe ido za su ƙara zama ginshiƙin cinikin, wasu daga cikin ƙananan gidajen da suka ɓullo a 'yan shekarun nan kuma ba za su jure tsadar kaya ba. Gidajen zuhudu biyar da suka rage na fuskantar zaɓi tsakanin sassauta sharuɗɗansu da rasa tambarin ɗaya bayan ɗaya.

Ga ƙasashen Afirka kuwa, darasin ya fi kusa da gida. Beljiyam ta ɗauki sama da shekaru ɗari, tun daga dokar Vandervelde zuwa shirin 2023, tana neman daidaito tsakanin ribar masana'anta da lafiyar jama'a, alhali tana da asibitoci da inshorar lafiya da hukumomin da ke iya aiwatar da doka. Kasuwar da kamfanoninta ke rasawa a gida a yanzu suna nemanta ne a ƙasashen da waɗannan abubuwa suka yi ƙaranci, kuma gwamnatocin ƙasashen ne za su yanke shawarar irin haraji da ƙa'idojin talla da kariyar matasa da za su gindaya musu.